Rasuwar Kwamfutar da Ta Tafi da Muryar Goggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda rabinsa takaici ne tsagwaronsa, Malama Mahbuba Bilyaminu Wurno, mai binciken harsuna, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin Halliru mai gyara, cikin kasuwar Goronyo. Shekararta shida a duniya, uku daga ciki tana riƙe da amanar da ta fi ƙarfinta.

An ce a faɗi alherin mamaci. To, ga shi. Marigayiya ta sha hanyar Rabah a bayan mashin, ta zauna kan tabarma gaban Goggo Uwaliya, tsohuwar da ita kaɗai ta rage mai jin tsohon Fillancin zuri'arsu. Awa ɗari biyu da goma na muryar Goggo ta haɗiye: waƙoƙin malamai, sunayen itatuwa, zagi, addu'a. Malama ta ɗura mata ƙa'idojin nahawu ɗari huɗu don ta iya warware jimla da kanta. Iyakar alherin ke nan, kuma duk na wasu ne.

Halinta kuwa, Allah ya kyauta. Baƙuwa ce mai gyara wa masu gida magana. Goggo ta faɗi jimlar da ta gada daga kakanni, a rubuta wa wannan marar kunyar, sai ta ce "tiiit!" wai ba daidai ba. Ke da aka ƙera jiya! Da bazara ta kama "huuuu" kamar injin niƙa, a bar tsohuwa cikin zufa a koma yi mata fifita.

Goggo ba ta yarda a ɗauki maganarta ba sai da sharaɗi. Ta shekara sittin namijin waje bai ji muryarta ba, don haka ta sa Malama ta rantse: abin da ya shiga wannan akwatin, a murya ko a rubuce, nan zai tsaya, ba kwafi, ba aikawa. Malama ta cika alkawari. Butulun ce ta ci amana.

Ciwon ajali ya fara da kumburin batir, sai suma, sai fuska ta yi shuɗi. Kwana huɗu Malama tana zaune gefen Halliru kada ya kunna abin da bai halatta ya ji ba. A na biyar aka ji "ƙat, ƙat, ƙat," shi ke nan. Halliru ya duba ma'ajiyar cikinta ya ce ko Legas aka kai ba a fid da komi. A wannan makon ne kuma hawan jini ya shanye ɓarin jikin Goggo. Tana gani, tana ji, harshe ya ƙi.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, makirfo maraya, da jaka wadda ta fi ta amfani.

Ba zaman makoki, ba sadakar uku. Masu shirin zuwa su tambayi mi ya hana a kwafa, su riƙe ta'aziyyarsu, ihu bayan hari ne, kuma Malama ta gaji da ji. Allah ya isa tsakaninta da mamaciyar.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a bayan la'asar zuwa Rabah, a aje ta gaban gadon Goggo, don mai amana ta ga inda amanarta ta ƙare. Malama za ta durƙusa ta nemi gafara. Da Hausa za ta nema, don yadda ake roƙon babba gafara a harshen Goggo, sau ɗaya tsohuwa ta faɗa, kuma yana cikin gawar.