Barmo da Tokar Injiniya

A gindin Dutsen Makuba, a garinmu Rafin Kanya, akwai wani gida mai karkatacciyar danga. Mutum biyu ne a ciki, Gwaggona Tabawa mai ƙosai da ɗanta Barmo. Barmo ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure sai an kunna fitila. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ni kuwa Sallau, taubashinsa, kowa ya san ni. A aji uku na sakandare na bar boko, ba don ta fi ƙarfina ba, na ga malaman ne sun fara maimaita abin da na riga na sani.

Tun da 'yan birni suka gano dutsenmu, duk Asabar sai ka ga motoci, wai sun zo hawan dutse, wasu har su kafa tanti su kwana. Sarkin Dawa Ƙosau ne ke yi musu jagora, har gwiwoyinsa suka gaza. Ranar da zai miƙa sandar jagora na yi wanka na murza hula, sai kawai ya miƙa wa Barmo. "Shi ba ya ƙarya," in ji shi, yana kallona. Ya ce gwaji ne, in baƙi suka yawaita kawo ƙararsa zai karɓe sandarsa. Daga ranar Gwaggo ta fara ramewa, don wannan ne aikin farko da Barmo ya taɓa riƙewa. "In ya rasa sandar nan, ranar da ba ni wa zai ci da shi?" Ni kuwa aka ce in riƙa ɗaukar wa baƙi kaya a bayansa. Ni, Sallau!

Wata rana Sarkin Dawa ya ce masa, "Dutse ba juji ba ne. Duk abin da baƙi suka hau da shi, su sauko da shi." Da aka sauko, Barmo ya jera baƙin a gindin kanya. Robar ruwa da ledar da kowa ya yar ya tsinto, ya mayar wa mai ita. Wata Hajiya ya buɗe jakarta ta hannu ya zuba mata ɓawon ayabarta. Sannan ya dubi wani saurayi.

"Ka hau da burodi. Ina burodin?"

"Na cinye mana!"

Barmo ya dafe kai. Can ya ce, "To yana jikinka ke nan. Kar ka kuskura ka zaga bayan dutse sai ka isa gida." Saurayin ya yi dariya, amma da ya nufi bayan wani dutse ya waiga ya ga Barmo a bayansa da sanda. Ƙara ta iso kafin motarsu ta bar gari.

Wata rana kuma aka ce masa, "Ba a raba ayari a dutse. Tafiyar wanda ya fi kowa rauni ita ce tafiyar kowa." A ayarin ranar akwai wani Alhaji mai tumbi. Ko rabin hanya ba a kai ba ya zube a inuwa ya ce shi ya gama, su je su dawo su same shi. Barmo ya ce kowa ya zauna. Alhaji ya kishingiɗa, Barmo ya ce kowa ya kishingiɗa. Da Alhaji ya fara minshari na raɗa masa, "Taubashi, ka ga mai rauni ya yi barci." Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa su rufe ido. Ranar ba wanda ya ga ƙolin dutse. Gwaggo ta je ta durƙusa gaban Sarkin Dawa har da hawaye.

Wata rana aka ce masa, "Akwai zuma a kogon gabas, hayaniya ke tayar da ita. Duk abin da ke ƙara, ka sa ya yi shiru." Wasu samari suka hau da rediyo kamar akwatin aure, kiɗa har cikin gari. Barmo ya roƙe su, suka ƙara murya. Sai ya tona rami da fartanya ya binne rediyon, ya take ƙasar da ƙafa. Wayar ɗayansu ta yi ƙara, ya binne ta. Wata budurwa ta fashe da dariya, ta ga ya dube ta ya sake ɗaukar fartanya, ta haɗiye dariyar har ta ƙware. Da yamma Sarkin Dawa ya ce, "Barmo, ƙara ɗaya ta rage maka." Gwaggo ta ƙone ƙosai kasko guda.

Wata rana da damina wani Injiniya Kamilu ya zo da jama'arsa suka kwana a kan dutse. Ya sa aka sare reshen ɗanyar itaciya, ya gasa nama a bakin kwazazzabo, wato matsattsen kwarin nan da ake bi a sauka gari. Dokar wuta kuwa Barmo ya haddace ta: ba a barin wurin da aka kunna wuta sai ka tura hannu cikin toka ka ji sanyi. Da hantsi, suna naɗe tanti, na ga damata ta zo. Na ɗebo garwashin da na dafa musu shayi, na tusa shi can ƙarƙashin tokar Injiniya, na lulluɓe. Ƙara ɗaya ai ba wuya.

Barmo ya tura hannu, ya fizge. "Da zafi. Ba tafiya."

Ya zauna a bakin kwazazzabon, ya gitta sanda, ya cika hanyar fam. Injiniya ya shure ƙasa a kan tokar. "Ga shi na kashe. Tashi!"

"Ranka ya daɗe, ba a ce a rufe ba. An ce a ji sanyi."

"To a zuba ruwa!"

Ruwan kuwa duk sun ƙarar da shi wajen wanke takalma. A nan ne na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan dutse, har ana zubawa a can sama. Mu ne kawai a tsaye a sarari, tsawa kuma ba ta san taubashi ba. Matan suka fara salati. Na ce, "Barmo, Sarkin Dawa ya aiko in gaya maka yau ban da dokar toka."

"Tun jiya kana nan tare da ni, Sallau."

Ka ji wawa, ranar da ba a so ya yi wayo. Na fara tono garwashin da yatsuna ina ƙonewa, shi kuma yana mayarwa, wai toka a bar ta yadda take ta huce da kanta. Injiniya ya kira shi jaki, ya ce wallahi yau sai ya ajiye sandar nan. Barmo ya dubi sandar, na san Gwaggo yake tunani, amma bai motsa ba. Injiniya ya ce wa jama'arsa su haura ta kansa. Har ya ɗora ƙafa a cinyarsa sai muka ji wani ruri kamar tirela ta kwance birki. Ruwan da aka zuba a sama ne ya gangaro. Ja wur, da duwatsu da kututture, ya faɗa kwazazzabon daga gefe ya cika shi ya fi tsayin mutum biyu. Da mun tashi lokacin da Injiniya ya so, da muna tsakiyarsa.

Ruwan sama ya sauko mana, muka tsuguna muna karkarwa. Barmo ya tura hannu cikin tokar da ta zama taɓo, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, ta yi sanyi. Mu tafi."

Mutum biyar suka riƙe masa riga, Injiniya ya rungume ƙafarsa.

Sai bayan la'asar ruwan ya janye muka sauka. Garin duk ya fito gindin kanya, Gwaggo ba ɗankwali. Injiniya ya ba da labari. Ni ma na yi bayani cewa in ba don garwashina ba da yanzu ana neman gawa, amma mutanen garinmu ba su san darajar mai ilimi ba, Gwaggo ma da ludayin ƙosai ta bi ni. Barmo kuwa ya durƙusa ya ajiye sandar gaban Sarkin Dawa, kansa a ƙasa.

"Me ya faru kuma?"

"Baba, sun hau da leda baƙa, ruwa ya tafi da ita. Ba su sauko da ita ba."

Sarkin Dawa ya sunkuya. Ya ɗauki sandar ya mayar masa a hannu, ya ce, "Riƙe abinka. Ledar kuwa Sallau zai bi rafi ya nemo ta."

Barmo ya dube ni ya gyara riƙon sanda. Har yau duk inda muka haɗu sai ya tambaye ni ledar.