Ina Ake Samun Irin Taliya?

Zuwa ga masu girma, masu ilimi, shugabannin Kwamitin Mu Ci Namu na masallacinmu a Ƙaura Namoda.

Bayan gaisuwa irin ta manomi ga malamansa, ni ne Labbo na Banga. Ɗana Hayatu ya daɗe yana cewa zai bar gona ya kama acaɓa, wai gero ya zama abincin kunya. Ƙarfina ya ƙare, in ya tafi gonar ta mutu. Shi ya sa na jawo shi taronku na ranar Juma'a, ko wa'azi zai yi abin da bakina ya kasa.

Na ɗaya, ina yaba huɗubar. Kun ce albarka tana cikin abin da ƙasarmu ta fitar. Har hawaye na yi, na ga Hayatu ya sunkuyar da kai.

Na biyu, walimar da ta biyo baya. Allah Ya saka da alheri. Taliya tire-tire, shinkafa 'yar waje, lemon kwalba mai sanyi. A wace fadamar Shinkafi aka nome su? Ko a Zurmi ne aka fara shuka kwalba ba mu ji ba?

Na uku, tuwon dawa da miyar kuka da matata Balaraba ta tuƙa muku tun hantsi. Na gode da aka adana shi a bayan masallaci, kusa da butoci, don kada manyan baƙi su gani su ɗauka ba mu waye ba. Awakin liman sun yaba ƙwarai. Balaraba dai ta ɗauki kwanonta, amma ni abin ya yi mini ciwo.

A hanyar gida magana ɗaya Hayatu ya yi: "Baba, su da sunka ce a ci, mi sunka ci?" Shi ne na kawo muku tambayar.

Roƙona kaɗan ne. Damina ta ƙarato, ku taimaka mini da irin taliya ko mudu ɗaya, da bayanin ko a kunya ake shuka ta. Sai dai ku haɗo da wanda zai yi huɗar, don Hayatu ya karɓi babur jiya.

Naku mai biyayya har ƙasa,
Labbo Banga