Gadar Kakanninmu Mai Kwana Goma Sha Ɗaya a Duniya

Ranar Asabar na ciro rigar da ba na sawa sai da dalili, na fesa turare, na hau bas ɗin yawon buɗe ido na cibiyar ilimin manya. Aka zaga da mu gari awa biyu cur, gwiwoyina a matse da kujerar gaba, sannan aka tsaya, aka ce kowa ya sauko ya ga abin tarihi. Na sauko, na ɗaga kai, sai ga ni a bakin layinmu, ga wandona da aka shanya tun safe yana kaɗawa a kan igiya.

Bari in koma baya, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

A bakin layinmu akwai lambatu, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum. Shekara tara ke nan da murfin simintinsa ya rufta, muka ɗora katako biyu muna tsallakawa. Wasiƙa goma sha huɗu na rubuta. Ta shida ce ta yi albarka, don Mai Girma Shugaban Za-A-Duba ya zo da kansa, da motoci biyar. Ya leƙa ramin, ya jinjina kai, ya ce, "Lallai akwai zurfi." Muka yi tafi. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai saurin gane matsala irinsa ba. Daga ranar ba mu sake ganin ko ƙurar motarsa ba.

Bara uwargida ta zame a kan katakon, gwiwarta ta gurɗe. Gwiwa ta warke, tsoro bai warke ba. Wata bakwai ba ta tsallaka ba. Matar nan ta fi shekara talatin tana zuwa kasuwa da ƙafarta kowace safiya, 'yan kasuwa na hango ta su fara gyara zama. Yanzu ni ke cefane, kullum sai ta juya tumatirin da na sayo, ta dube shi, ta dube ni. Da yamma takan ɗauki mayafi ta zo bakin katakon, ta tsaya, ta kalli titi, ta juya gida. Wannan juyawar tata ke ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya kawo shawarar mu ɗora ta a kujera mu tsallakar. Ta ce, "Ni buhun siminti ce? Da ƙafata na shigo layin nan, da ƙafata zan fita. Ku dai ku samo mini abin da zan dafa da hannu in tsallaka."

Abin dafawa kawai. Na so in rubuta wasiƙa ta goma sha biyar, sai mai gyaran rediyo ya ce ya ji sanarwa: cibiyar ilimin manya ta buɗe azuzuwan nishaɗi. Akwai ajin ɗaukar hoto, akwai na jera furanni, akwai na koyon numfashi yadda ya kamata, ga waɗanda suka shekara sittin suna yin sa ba daidai ba. Akwai kuma kafinta. Duk wanda ya gama, za a kai shi yawon ganin gari. Na ce to, tunda masu gari ba za su buga ƙusa ba, ni zan koya.

Mu ashirin da shida ne a ajin, guduma ɗaya. Ita ma ba a hannunmu take ba. Ranar buɗe cibiyar, Mai Girma Uban Yanke Ƙyalle ya riƙe ta an ɗauki hoto, don haka aka kulle ta a kabad ɗin gilashi a ofis, muna gaishe ta in za mu wuce. Malaminmu, tsohon kafinta ne na gaske, yatsunsa duk tabo, sai ya riƙa zana mana ƙusa a allo da alli. Mako uku muna kan ƙusa. Wata hajiya da ke zama kusa da ni ta ce ita ta zaci dama ajin zane ne, kuma tana jin daɗinsa.

A mako na huɗu na tare malam a bakin ƙofa na faɗa masa damuwata. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Baba, ka biyo ni shago." Ya ara mini guduma da zarto, ya nuna mini yadda ake kafa ginshiƙi da yadda ake ɗaure shi kada ya yi rawa. Kwana biyu muka yi ni da mai gyaran rediyo muna fama da tsofaffin katakai, har muka kafa abin dafawa a gefen katakon tsallakawa. Na bugi babban yatsana sau uku, shi kuma ya bugi nawa sau ɗaya.

Da muka gama, malam ya zo dubawa. Ya jijjiga, bai motsa ba. Ya ja da baya, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman inda zai tsaya abin ya yi masa daidai, bai samu ba. Ya ce, "Zai riƙe mutum, ko da mutum biyu ne. Amma don girman Allah kada ka ce ni na koya maka."

Uwargida ta ce sai gwiwar ta ɗan huta, jibi za ta gwada. Kafin jibin, sai muka tashi muka tarar an shafa jan fenti a jikin aikina, an manna takarda: gini ba da izini ba, a cire cikin kwana goma, in ba haka ba hukuma ta cire. A ƙasa ga sa hannun Mai Girma Mataimakin Shugaban Za-A-Duba, mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Shekara tara ba su ga rami ba, kwana uku suka ga abin dafawa. Masu cewa hukuma ba ta gani su nemi gafara, idonta garau yake.

Na ce wa uwargida ta zo ta gwada kafin su zo. Ta ce, "A'a, Malam. In saba da fita su zo su cire, in dawo ina leƙen titi? Bar ni yadda nake." Ta rataye mayafin, ba ta ƙara zuwa bakin katakon ba. Na rasa inda zan sa kaina.

Haka na hau bas ɗin nan ranar Asabar, saura kwana biyu wa'adi ya cika, don kawai in huta da kallon jan fenti. Jagorarmu wata matashiya ce mai lasifika, ga fara'a. A kujerar gaba kuma, wa zan gani? Mai Girma Mataimaki da kansa, an gayyato shi ya albarkaci tafiyar, mai hoto na biye da shi.

Aka nuna mana maɓuɓɓugar ruwa ta tsakiyar gari, wadda ta yi feshi sau ɗaya ranar da aka buɗe ta. Aka nuna mana harsashin babban ɗakin karatu, wanda aka aza sau uku, kowane da allonsa. Jagora ta raɗa wa hajiyar ajinmu cewa an umarce ta ta nuna wuraren tarihi biyar, ita kuwa uku ta samu, sauran biyun tana dubawa ta taga. Ba ta rufe baki ba direba ya karya kwana ya shigo titinmu don kauce wa cunkoso. Yarinyar nan ta hango aikina, idonta ya yi haske, ta ce, "Direba, tsaya!"

Muka jeru a bakin lambatu. Ta ɗaga lasifika.

"Iyayena, wannan ita ce tsohuwar gadar garin nan. Kakanninmu suka yi ta da hannunsu, kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce. Ku dubi yadda ta karkace, a lokacin ba a san awo ba. Ku dubi ƙusoshin, kowace ta kama gabanta. Wannan fasaha ta ɓace, yau ba mai iya yin irinta."

'Yan ajin hoto suka hau aiki. Malam, wanda shi ma yana cikin tafiyar, ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Mai gyaran rediyo ya fito daga shagonsa da sukudireba a hannu, ya buɗe baki, "Ai wannan makon jiya ni da..." Na taka masa ƙafa da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Mai Girma Mataimaki ya matso, ya shafa katakon da ladabi. Ya juyo ya ga furfurata, ya ce, "Dattijo, kai ɗan unguwar nan ne? Me ka sani game da ita?"

Jama'a, ni mutum ne mai tsoron Allah, ban yi ƙarya ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya yi ta tsoho ne ƙwarai. Ya sha wahala, har jininsa ya zuba a kanta. Kuma hukumar zamaninsa ba ta taimake shi da ko ƙusa ɗaya ba."

Ya girgiza kai cikin takaici, ya ce, "Ka ji shugabannin da. Ba tausayi." Sai idonsa ya faɗa kan jan fentin. Fuskarsa ta canza. "Wane jahili ne ya shafa wa kayan tarihi fenti?" Takardar tana manne a gefe, ruwan sama ya wanke rubutun, saura ƙugiyar sa hannun. Na matsa kaɗan na jingina da ita. Ya ce za a kafa kwamiti a gano mai laifin, kuma daga yau gadar nan tana ƙarƙashin kariyar hukuma, duk wanda ya cire ko tsinke a jikinta zai gamu da shi. Aka ɗauke shi hoto yana dafe da ita. Bai faɗa ramin ba, shaida ke nan aikina ya yi.

Duk abin nan uwargida na tsaye a ƙofar gida tana kallo. Da za mu koma bas ta ɗaga murya, "Malam, duk turaren nan don a kawo ka gida ka fesa?" 'Yan ajin numfashi suka yi dariya har suka manta darasinsu.

Ranar Litinin, ranar da wa'adi ya cika, motar hukuma ta tsaya a bakin layi. Na ce shi ke nan, sun zo cirewa. Ashe allo suka kawo, na ƙarfe, mai kyau, an zuba masa siminti a gindi wanda da a kan ramin aka zuba shi da an gama magana. An rubuta: GADAR KAKANNI. AN HANA GYARAWA. AN HANA TAƁAWA. Ma'ana, murfin da muke jira shekara tara ba zai zo ba har abada, don yanzu ramin ma tarihi ne. Mai gyaran rediyo ya ce da ma can ba zuwa zai yi ba, yanzu dai mun samu a rubuce.

Suna tafiya uwargida ta fito, mayafi a kafaɗa, kwando a hannu. Ta tsaya ta karanta allon a hankali har ƙarshe. Ta ce, "Wato ba mai cirewa?" Na ce ba mai cirewa, amma kin ga an hana taɓawa. Ta miƙo mini kwandon, ta kama kayan tarihin nan da hannu biyu, ta ɗora ƙafa. Taki ɗaya, ta tsaya. Katakon ya yi ƙara. Taki biyu, uku, huɗu, sai ga ta a kan titi. Ba ta waiwayo ba, ta miƙo hannu baya ta ce, "Kwandona." Na miƙa mata, na juya ina gyaran hula, don idona ya kawo ruwa kuma mai gyaran rediyo na kallo.

Sai azahar ta dawo, da tumatir irin wanda ban taɓa sanin ana sayarwa a garin nan ba. Ta tsallako, ta ɗan bubbuga ginshiƙin, ta ce, "Kakanni sun iya aiki, Allah ya saka musu. Sai dai ka faɗa musu ƙusa ɗaya ta fito, ta kama mini mayafi."

Takardar shaidar gama aji ba ta fito ba tukuna, an ce mai sa hannu yana can yana jagorantar binciken wanda ya shafa fenti. Ni dai gudumar malam tana wurina har gobe. Idan wani ya bi ta layinmu da safe ya ji ana bugu, ya wuce abinsa, kakanni ne.