Tawada a Babban Yatsa

"...lafiya lau, Bauji. Ya ɓaunarki? Har yanzu tana ba ki madara ko ita ma ta gaji da bakinki?"

Ina zaune a kan katangar dutsen da ta raba gidanmu da na maƙwabciyata Kalawati lokacin da Dikar ya hauro yana haki. Bauji shi ne sunan da muke kiran matar yaya a nan kan tsaunin, kuma Kalawati matar yayansa ce. Mijinta tsohon soja ne, duk wata yana karɓo kwalaben barasa daga kantin bariki, amma makullin akwatin da ake ajiye su a bakin zanenta yake ɗaure. Ranar zaɓe ce, gwamnati ta garƙame shagunan giya tun shekaranjiya, ga shi da yammar nan dangin saurayi za su zo ganin 'yar Dikar. Mu kuwa a nan, baƙo irin wannan ba a sallamarsa da shayi.

"Ɓaunata ta fi ka amfani," in ji Kalawati. "Me ya kawo ka da rana tsaka?"

"Zalunci ya kawo ni. Na gangara har gari jiya, na tarar da kwaɗo kamar kan jariri a ƙofar shago. Wai sai an gama zaɓe. Yo ni na ce su yi zaɓen? 'Yata za ta rasa miji saboda wasu na neman kujera?"

"Da ba a rufe ba, da yanzu kana kwance a kwata, kare na lasar gashin bakinka. Zaɓen bara waccan haka ku maza kuka kwana a buge ba ku jefa ƙuri'a ba, mu kuma har yau daga kwari muke ɗauko ruwa a ka."

"Kwalba ɗaya tak, Bauji. Ke ce uwa, ke ce uba."

"Ni ban haifi ƙaton banza ba. Nuna min yatsa."

Dikar ya miƙa hannu cikin taƙama. Na leƙa, sai da kunya ta kama ni a madadinsa. Ya shafe babban yatsansa na dama da tawada har gaɓa.

"Ka yi zaɓe ke nan?"

"Ni na fara shiga. Har jami'in ya ce bai taɓa ganin mai kishin ƙasa irina ba."

"Fili ka sayar ne da za ka dangwala babban yatsa? A farcen manuniyar hagu ake ja wa mutum layi, ga nawa." Ta tofa yawu a bakin zane ta murza yatsan, ya fito fes. "Biron 'yarka ne ma. Furfura har a kunne, ba ka taɓa shiga layin zaɓe ba, kuma ka zo ka raina min hankali a tsakar gidana."

"To ke da kike yi kullum, me kika samu? Ko haƙorin da ya fita ba su mayar miki ba."

"Bar haƙorina. Wane ne uban yaron?"

"Tsohon shugaban makaranta ne, mutumin kirki."

"Shi ne. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana tsaron akwatin zaɓe. In ka haɗa tafukanka biyu ka gaishe shi, me idonsa zai fara sauka a kai? Ko tulun barasa ka dire masa, zai koma gida ya ce ya ga gidan da uba bai san hagunsa ba."

Dikar ya dubi hannayensa. Ya haɗa su kamar mai gaisuwa, ya sake dubawa, sai dariya ta ƙwace masa.

"Kin kashe ni, Bauji. A ina ma ake yin abin?"

"A makarantar da ke jingine da bangon ɗakinka."

Ta kwance makulli ta shiga ɗaki, ta fito da kwando cike da ganyen miya, wuyan kwalba na leƙowa. Dikar ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Matarka zan kai wa. Kai ka ruga kafin su rufe, 'yarmu ba za ta rasa miji saboda farcenka ba."