Gaɓar Hagu ta Lachlan

"Kogin nan," in ji Lachlan Tulloch, "babu kifin da ke cikinsa da bai san sunan kakana ba. In na tsaya a bakin ruwa, layi suke yi."

A kantin Ishbel ya faɗi haka ran Litinin, gaban mutum shida. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa bas a Glasgow, ya dawo mana da tumbi, da hula mai gashin tsuntsu, da sandar fatsa wadda ta fi shi tsawo sau uku, ta kuma fi shi hankali. Ruwan da ya sani duk rayuwarsa na famfo ne.

Ishbel mijinta ya rasu, ran Asabar kuma za ta aurar da 'yarta. Lachlan, da ya daɗe yana cire mata hula don yana sonta, ya ce kada ta wahalar da mahauci, shi zai kawo mata kifin salmon daga Gurbin Fasto na cikin kogi, inda manya ke kwanciya. Ba ta ko ɗago daga sikeli ba ta ce in ya kawo, a gefenta zai zauna a babban tebur, kuma gari zai gane abin da hakan ke nufi. In bai kawo ba, a kicin zai ci.

To, kogi ba na kowa ba ne. Kowace gaɓa da mai ita, 'yan ƙungiyar masunta kuma bi da bi suke shiga, kamar mutanen kirki. Gogan ya ce shi ba ya bin layi da makiyayan tumaki. Ya hau gada, ya fuskanci tsaunukan da ruwa ke gangarowa, ya hango gurbin da shimfiɗaɗɗiyar tsakuwarsa a hannun hagunsa. Bai zame ko'ina ba sai wurin wakilin mai ƙasa, ya ce a ba shi hayar gaɓar hagu har ƙarshen shekara. Wakili ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata.

"Shekara arba'in ina tuƙi a hannun hagu. Kai za ka koya mini hagu?"

Aka ba shi takarda.

Ran Talata ya kafa allo a kan tsakuwar: BA A SHIGA SAI DA IZINI. Yana gama bugun ƙusa ya ga tsoho Tormod, mai gadin kogi, tsaye cikin ruwa yana fatsa. Ya umarce shi ya fice. Tormod ya karɓi takardar ya karanta a natse har ƙasa.

"Ɗan birni, juya bayanka ga inda ruwa ya fito. Yauwa. Haka ake kiran gaɓa tun kafin a haifi kakan naka. Ɗaga hagunka mu gani."

Lachlan ya ɗaga. Hannun ya nuna tsallake: gangaren dutse mai tsayin rufin coci, da sarƙaƙƙiyar ƙaya, da bijimin gidan Gunn yana kallonsu.

Ya ce ai ya sani, gwada tsohon yake yi. Tormod ya ce ya gode, allon ma a bar shi, ya yi kyau a wurin.

Ran Laraba Sarkin Ruwa ya hau dutsensa, ya wurga ƙugiya, ya kamo hularsa. Ran Alhamis ya kamo ƙaya, bijimi kuma ya raka shi har shinge, da sauri. Ya shigo kanti wando a yage yana cewa kifaye sun gane shi, kunya suke ji. Ishbel ta sayar masa da allura da zare.

Ran Juma'a abin ya faru, kuma ba na ƙara gishiri, ban saba ba. Salmon ya kama, ƙato, fari fat kamar sabon kwano. Lachlan ya ja, kifi ya ja. Sai dai daga kan wannan dutse babu hanyar sauka, babu ta ɗago shi. Kifin ya gaji, ya ratsa gurbin, ya kwanta a kan tsakuwa daidai ƙafar Tormod.

"Riƙe mini shi, baba! Nawa ne!"

Tormod ya durƙusa, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar a hankali. Ya dubi kifin, ya dubi allon.

"Kifin naka ne, ban musa ba. Amma nan ba a shiga sai da izini, kuma ban ga takardarsa ba."

Ya mai da shi ruwa.

Ran Asabar Lachlan ya zo ɗakin biki da hula mai rabin gashi. Ƙamshin naman rago ya cika wurin, don tun ran Litinin da azahar Ishbel ta aika wa mahauci. Ya fara bayanin cewa kifin ya kai tsawon yaro ɗan shekara goma, sannan ya tambayi ina kujerarsa.

"A hagu," in ji ta.

Fuskarsa ta washe, don babban tebur a hagunsa yake. Ya ɗaga ƙafa zai nufi can. Ishbel ta kama kafaɗunsa, ta juya shi har bayansa ya fuskanci tukunyar shayi.

"Ruwa daga nan yake fitowa, Lachlan. Ɗaga hagunka mu gani."

Ya ɗaga. Ƙofar kicin ce.