Nomau da Hotunan Yaya Isuhu

A ƙauyen Dogon Marke akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Gida ɗaya suke da tsohuwarsu, Inna Dije, da wansa Isuhu, wanda direba ne a wani otal a Abuja, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Nomau ba ya ƙiwuya, ba ya musu. Abin da bakinka ya faɗa dai shi zai yi maka, ko da wani abu daban kake nufi.

Da aka sa ranar auren Isuhu da wata malamar makaranta 'yar birni, sai ya shiga fargaba kada danginta su zo su raina ɗakinsa. Ya taho da manyan hotuna huɗu da otal ɗinsu ya sauke daga bango. Ba mutum a ciki, ba dabba, ba itace. Fenti ne kawai wani ya watsa, aka buga a takarda mai kauri.

Inna Dije ta ce, "Me aka zana?"

"Ni ma ban sani ba, Inna. Amma manajanmu ya ce in mutum ya natsu ya kalle su, sai su yi masa magana."

Nomau ya shimfiɗa tabarma gabansu tun hantsi, ya yi sallama, ya zauna. La'asar ta yi Isuhu ya same shi a nan.

"Yaya, ko sallama ba su amsa ba. Ina jin Hausar ce ba sa ji."

Wata rana Inna ta miƙa masa soso da sabulu, ta ce, "Ka wanke min ɗakin amarya tas. Kada in ga ko ɗigo." Nomau ya wanke ƙasa, ya wanke taga, sai idonsa ya kai kan hoto na farko, wanda duk jikinsa ɗige-ɗigen baƙi da rawaya ne. Ya durƙusa ya dirje shi har takardar ta koma fara, ta huje a tsakiya. Inna ta riƙe haɓa. Ta rasa ko faɗa za ta yi, don ita ma a ranta datti ta ɗauka.

Wata rana Isuhu ya bugo waya ya ce, "Ɗauki mai shuɗin nan ka rataye inda kowa zai gani." Ranar kasuwa ce. Nomau ya ɗaure shi a reshen marken da ke bakin kasuwa. Mahauci ya ce kayan cikin saniya ne. Wani ɗalibi ya ce taswira ce. Mai maganin gargajiya ya ce hoton cutar da yake magani ce, ya dawo da kayansa ƙarƙashi ya ci kasuwa. Ana cikin gardama ruwa ya kece. Nomau ya koma gida da igiya kaɗai, ya ce wa Inna, "Kowa dai ya gani."

Wata rana Isuhu ya zo da kansa, ya nuna bango, ya ce, "Na ukun nan a nan za ka kafa shi. Ka tabbata kansa yana sama." Nomau ya juya hoton ta kowane gefe, bai ga kai ba. Ya ɗauko gawayi ya zana masa kai, da kunnuwa, har da hula. Isuhu ya daɗe yana kallo.

"Wane ne wannan?"

"Ni ma ban san shi ba, Yaya. Kai ka ce yana da kai."

Saura ɗaya, mai ja da baƙi. Ana gobe 'yan jere za su zo shirya ɗakin amarya, Isuhu ya miƙa masa shi jiki a sanyaye. "Don Allah, wannan ka sa shi inda hannun kowa ba zai kai ba." Nomau ya ari tsanin wani magini, ya buga hoton da ƙusa a tsakiyar silin, ya mayar da tsani. Magini ya ɗora kayansa a mota ya tafi aiki wani gari.

'Yan jere suka iso, Goggo Tasalla, ƙanwar uban amarya, ce a gaba. Tun daga ƙofa ta yatsina fuska ta ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma bango nasu ne. Suka kwashe agogon Isuhu da madubinsa da kalandarsa suka zube a tsakar gida. Can wata ta ɗaga kai.

"Wancan fa?"

Aka hau kujera, aka hau turmi, hannu bai kai ba. Goggo ta tsaya tana kallo har wuyanta ya gaji, ta zauna a ƙasa ta ci gaba.

"Gobarar daji ce," in ji ta.

"A'a, Goggo, zakaru ne ke faɗa," in ji wata.

Haka suka wuni, suna jere suna musu, ba wadda ta sake tuna ƙanƙantar ɗaki. Da amarya ta tare, ta ce a duk ɗakin ba abin da ya kai wannan kyau, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya yi tunanin sa hoto a sama ba.

Isuhu ya ja ƙanensa gefe ya ce, "Kai me kake gani a cikinsa?"

Nomau ya ce, "Ban duba ba, Yaya. Ba ka ce in duba ba."