Dakta Saura-Ƙiris da Babban F Ɗinsa

Idan ana maganar masu ilimi a cibiyar binciken kiwon kaji, da Dakta ake farawa, da shi kuma ake rufewa. Shi da kansa ya tsara abin haka, don ya hutar da mutane wahalar tunani. Mutum ne mai sauƙin kai ƙwarai: ko masinja ya gaishe shi yakan amsa, da gira. Shekara da shekaru yana sanar da jama'a cewa saura ƙiris ya zama farfesa, har ma'aikata suka ga bai kamata babban mutum ya riƙa wahalar maimaitawa ba, suka riƙe masa maganar. A bayan idonsa Dakta Saura-Ƙiris, a gabansa Yallaɓai.

Ofishinsa yana saman bene, tagar a rufe ruf saboda warin keji. Bango ya cika da takardun shaida, har da ta halartar wani taro da aka ɗage. Takalminsa baƙi ne mai sheƙi, bai taɓa sanin dusar katakon da ake shimfiɗa wa kaji ba. Masanin kaji ne na gaske, irin wanda bai yarda raini ya shiga tsakaninsa da kaza ba. In sun haɗu, to a faranti ne.

Sai ga daraktan cibiyar zai yi ritaya. Mutum biyu ke neman kujerar: Dakta, da likitar dabbobi, wata mata marar hayaniya da ke yawo da takalmin roba tana warin magani. Dakta bai ɗauke ta abokiyar takara ba. Tuni ya shiga ofishin darakta da sunan gaisuwa, ya auna tagar da igiyar awo, ya ba tela ɗinkin labule. Surukansa ma sun ji labari. Amma a can ƙasan zuciyarsa tsoro yake ji, don ya san sunan da ake kiransa da shi, kuma ba abin da ke hana shi sukuni kamar ya tsufa ya bar aiki yana Saura-Ƙiris. Kujerar nan ce kaɗai za ta goge sunan.

Makaminsa kuwa wani sabon abincin kaji ne da ya ƙirƙiro a kan teburinsa, ba tare da ya dami ko kaza ɗaya da tambaya ba. Ya raɗa masa suna Haɗin Dakta. Saboda tawali'u bai sa cikakken sunansa a jikin buhun ba, hotonsa kawai ya sa, ya dafa haɓa yana murmushi, faɗin fuskar ya cinye rabin buhu. Aka shirya gwaji: keji huɗu, uku su ci abincin kasuwa iri uku, ɗaya ya ci nasa. Masu kula da kaji su auna a sikeli, sakatariya ta shigar a kwamfuta, shi kuma ya ɗauki aiki mafi nauyi, wato danna maɓalli.

Ana tsakiyar gwajin shugaban masu kula da kaji ya hawo bene, ya cire hula, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, kajin nan fa, akwai waɗanda..."

"Dakata! Kada ka kawo mini kaza, lamba za ka kawo mini. Kaza ɗaya-ɗaya labari ce. Ni ba na cin abinci da labari."

Mutumin ya mayar da hularsa ya sauka. Daga ranar bai ƙara kawo komai ba sai lamba.

Ranar da aka gama awo, Dakta ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya danna maɓallin. A saman allon kwamfuta harafin F ya fito da lamba a gabansa: arba'in da bakwai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, yana nan. Nan take ya sa aka tara ma'aikata a ɗakin taro, har da direba da mai shara, don ilimi ba na mutum ɗaya ba ne.

"Ku buɗe kunnuwanku," ya ce, "ba kullum ake samun irin wannan kyauta ba. Kaji ko abinci ɗaya suke ci, nauyinsu ba ya zuwa ɗaya, wata ta fi wata haɗama. Wannan shi ne bambancin cikin gida. Akwai kuma bambancin da ke tsakanin keji da keji. Ka ɗauki na tsakani ka raba da na cikin gida, abin da ya fito shi ne F. In ya tsaya kusa da ɗaya, tattara takardunka ka tafi gida, abincin duk kanwar ja ce. In ya yi sama, to a cikin huɗun nan akwai wanda ya fita daban. Wasu suna samun uku su yi walima. Wasu biyar, su nemi ƙarin girma. Ni, arba'in da bakwai!"

Ya bar lambar ta zagaya ɗakin, sannan ya dafa ƙirji. Aka tafa. Direba ya fi kowa tafi, don yana son a tashi.

A yi wa Dakta adalci, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ko maƙiyinsa ba zai cire wasali ba. Sai dai maganar tana da saura. F yana cewa wani ya bar layi, amma ba ya nuna shi da yatsa, ba ya kuma cewa gaba ya yi ko baya. Mai son ya sani sai ya gangara ƙasa ya duba matsakaicin nauyin kowane keji. To gangarawa ƙasa ba ɗabi'ar Dakta ba ce, a bene ne ko a allon kwamfuta.

Da aka watse likitar dabbobi ta tsaya jiransa a baranda. "Dakta, ko za mu ɗan zagaya keji tare kafin kwamiti ya zo?" Ya dubi takalmin robarta, ya dubi nasa, ya yi mata murmushin da ake yi wa wanda ya faɗi zaɓe. Ya san hassada in ya gan ta. Ya ce mata kada ta damu, in ya hau kujera ba zai manta da ƙananan ma'aikata ba.

A gida ma bai yi rowar baiwarsa ba. Matarsa tana da 'yan kajinta a bayan kicin, ya kawo mata buhu guda ya ce daga yau shi za su ci. Tun daga lokacin ƙwan karin kumallo ya fara ƙanƙancewa a faranti, har wata safiya ya zauna ya tarar da burodi da shayi suna kallonsa su kaɗai.

"Ina ƙwai?"

"Baban yara, ai tambayar da nake wa kajin ke nan. Tunda ka kawo buhun nan suka ajiye aiki. Tsayawa kawai suke suna kallon hotonka."

"Kajin naki guda nawa ne? Waɗannan 'yan tsirarun? Wannan ba bincike ba ne, tsegumi ne. Kin san F nawa na samu?"

"Na sani, har maƙwabta sun sani. To shi F ɗin, cewa ya yi naka ya fi?"

Dakta ya ajiye kofi a hankali, irin na mutumin da ya saba haƙuri da jahilci. "Cewa ya yi a cikin huɗu ɗaya ya fita daban. Ki dube ni da kyau. In aka jera mutum huɗu har da ni, aka ce ɗaya ya fita daban, wa kike zato?"

Ta dube shi da kyau, kamar yadda ya nema. "Wallahi kai ne," ta ce, ta ƙara masa shayi.

Ranar da kwamitin zaɓen darakta ya zo, Dakta ya sa kwat ɗin da ke jikin hoton buhu, don kada baƙi su sha wahalar gane shi. Tun jajibiri ya sa an kai labulen an rataya a ofishin darakta, saboda ya tsani ɓata lokaci. Ya kuma ɗauko mai hoto da kuɗin aljihunsa. Shugabar kwamitin wata tsohuwar farfesa ce mai sandar dogarawa, wadda ke sauraro idonta a lumshe.

Likitar dabbobi ta yi nata bayanin a taƙaice, kan rigakafi da tsabtar ruwan sha, ba wanda ya tafa. Dakta ya tashi. Majigi ya haska F a bango, girmansa ya kai ƙofa.

"Ranki ya daɗe, 'yan kwamiti masu girma, ba na son yabon kai, kowa ya sani. Amma ilimi amana ne. Lambar nan da kuke gani, ni kaɗai na ɗaga ta. Ku cire haɗina daga gwajin nan, ku ga yadda za ta faɗo ƙasa warwas. Sauran ukun ba su da wani abin faɗa."

'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Rana ta yi, cikinsu ya fara kira, lambar kuma babba ce. Wani har ya rufe fayil ya mayar da biro aljihu. Da Dakta ya zauna a nan, da wataƙila yanzu wani labarin ake ba ku. Sai dai ya biya mai hoto, kuma tun da daɗewa yake hango kansa a shafin jarida rungume da ƙatuwar kaza.

"Kafin ku tafi," ya ce, "ku zo ku gani da idonku."

Likitar dabbobi ta sunkuyar da kai. Aka sauko. A ƙasan bene Dakta ya jagoranci tawagar da ƙarfin gwiwa zuwa ɗakin janareta, sai da shugaban masu kula da kaji ya yi gyaran murya ya nuna ɗaya hanyar. Aka shiga doguwar rumfar kaji, Dakta da hankici a hanci, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata.

Kejin farko cike yake da kaji ƙosassu, ƙirji ya yi faɗi, da ƙyar suke ɗaga jiki. Dakta ya cire hankici, idonsa ya kawo ruwa. "'Ya'yana," ya ce. "Ku dubi ƙirji. Ku dubi cinya. Wannan ba kaza ba ce, hujja ce." Ya sa aka miƙo masa ɗaya, ya riƙe ta nesa da kwat, mai hoto ya ɗauka.

Farfesa ta buɗe ido. Ta kai sandarta ta taɓa buhun da ke jingine a ƙofar kejin. Buhun kasuwa ne, da zanen zakara.

"Af," in ji Dakta, "an sauya musu wuri ba a sanar da ni ba." Ya mayar da kazar, ya wuce keji na biyu. Su ma ƙosassu, kamar an auna su da na farko. Ya buɗe baki zai ce 'ya'yana, ya fara duban buhu tukuna. Na kasuwa. A keji na uku bai buɗe bakin ba ma.

Saura ɗaya, can ƙarshen rumfa. Tun daga nesa aka hango hoton Dakta, ya dafa haɓa yana murmushi a jikin buhu. A bayansa wasu halittu ne tsaye, dogayen ƙafafu, dogon wuya, gashi nan da can. Mazubin abincinsu cike yake fal, ba wadda ta kula shi, dusar katakon ƙasa suke tsattsaga. Ɗaya ta karkata kai ta dubi buhun, ta dubi Dakta, ta ja da baya.

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi yi masa ciwo, don da an yi dariya da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ya tuna labule, ya tuna surukai.

Farfesa ta ce a kawo kwamfutar. Sakatariya ta ɗora ta a kan wani buhun Haɗin Dakta, a daidai goshin hotonsa. "'Yata," in ji Farfesa, "cire mana haɗin Dakta, ki sake dannawa." Ta cire, ta danna. F ya fito ɗaya da 'yan kai.

"Dakta," in ji Farfesa, "na daɗe ina zaman kwamiti, ban taɓa ganin ɗan takara mai gaskiyarka ba. Ka ce ɗaya ya fita daban, ga shi. Ka ce sauran ukun ba su da abin faɗa, haka ne, duk ɗaya suke. Ka ce in an cire naka lambar za ta faɗo. Ta faɗo."

Dakta ya gyara taye. "Amma dai, ranki ya daɗe, a duba girman F ɗin..."

"F ɗin naka ne, Dakta. Ba mai ƙwace maka shi."

Ta juya ta tambayi likitar dabbobi ko kajin nan za su tashi in an sauya musu abinci. Likitar ta ce za su tashi, in an fara yau. Suka fita tare suna magana, sauran 'yan kwamiti a bayansu. Mai hoto, da yake mutum ne mai cika aiki, ya ɗauki na ƙarshe: Dakta biyu, ɗaya yana murmushi.

Washegari matar Dakta ta juye buhunta a shara, ta wanke shi ta shanya. Ta ce buhun kam mai kyau ne, ba ya yoyo.

Sabuwar darakta ta shiga ofis da takalmin robarta. Waɗanda suka je yi mata murna sun ce labulen ya yi wa tagar cif, ba ƙari ba ragi. Dama wajen awo ba a taɓa kama Dakta Saura-Ƙiris da kuskure ba.